Busar da ba mu gada ba

Laraba, 14 ga Agusta, 2024

Kwana uku da komawa makaranta, mutuniyar ta shigo gida da takarda a hannu, ko takalmi ba ta cire ba. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, saboda haka "mutuniyar" za a riƙa ji a nan. Shekararta 11, ta shiga aji shida, wato farkon makarantar tsakiya a tsarin Amurka, mai ɗaukar aji shida zuwa takwas. Muna zaune ne a yammacin Houston, a jihar Texas.

Takardar cewa take yi an sa ta a ajin badujala, a kawo ta ranar Asabar a gwada mata abin busa. Sai da na karanta sau biyu. Ashe tun watan Mayu aka aiko da takardar zaɓen darasi, ita ta cike abinta, Abbansu kuma ya sa hannu yana waya da wani. Dokar jihar ce kowane yaro ya ɗauki aƙalla darasin fasaha ɗaya kafin ya gama aji takwas: ko zane, ko wasan kwaikwayo, ko waƙar baki, ko kayan tsirkiya dangin goge, ko kuma busa da kiɗa. Duk cikin waɗannan, jikar malamai ta rasa abin zaɓa sai busa.

Da dare na ajiye wa Abbansu takardar kusa da kwanon tuwo. Ya dubi sa hannunsa, ya dube ni, ya ce, "To, ai ni na sa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na san halinsa, maganar tana nan tafe.

Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, don in shekara ta ƙare kada wani ya ce ba haka aka yi ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Ɗakin badujalar ya fi zauren taron sakandarenmu girma. Kujeru an jera su kamar rabin wata, bango duk akwatunan ajiya ne masu ƙofar waya. Malamai uku ne, babbarsu mace, 'yar gajera mai saurin magana.

Mutuniyar sarewar ƙarfe ta ƙwallafa rai a kai, wadda ake riƙewa a kaikaice. Aka ba ta kan sarewar kawai, aka ce ta hura kamar mai hura bakin kwalba. Ta hura har idonta ya yi ja, ba abin da ya fito sai iska. Aka koma tirampet, wadda sai an matse leɓe an sa shi ya yi kakkarwa. Abin da ya fito ya sa Auta faɗuwa ƙasa don dariya, sai da na daka masa harara. Da aka zo kan kilarinet, wata baƙar sanda mai maɓallan azurfa, hurawar farko ta ba da ƙara irin ta agwagwar da aka taka. Malamar ta tafa hannu kamar an yi abin kirki. Ta kama yatsun yarinyar ta duba ko za su rufe ramukan, ta ce ta buɗe baki ta ga haƙora, ta rubuta wani abu. An gama.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa shi ne, ba wanda ya tambayi ko 'yar wane ce. A Zariya mai algaita ɗan mai algaita ne, mai kakaki a gidan kakaki aka haife shi. A nan yatsu da haƙora aka duba.

Mun biya ta shagon da makarantar ta ba da sunansa, muka ɗauki haya, dala 32 a wata har da kuɗin gyara. Na roba ne, irin na masu koyo.

Talata, 3 ga Satumba

Mako biyu ke nan ba a bar su sun haɗa abin gaba ɗaya ba. Gaɓa biyar gare shi: baki, wata 'yar guntuwa mai kama da tulu, gaɓar sama, gaɓar ƙasa, sai ƙarshen mai faɗi kamar mazurari. Baki da 'yar guntuwar kawai ake hurawa, sauti ɗaya tak, ana riƙe shi ana ƙirgawa zuwa takwas. Kullum bayan la'asar gidan nan sai ka ce ana koran tsuntsu a gonar dawa.

Ruhin abin wani ɗan siririn kara ne da ake ɗaurawa a bakin da zoben ƙarfe. Su suna ce masa rid, ni harshe nake ce masa, don shi ke magana. Tsininsa bai kai kaurin farce ba, har haske ake gani ta cikinsa. Daga wani irin kara ake fere shi, kuma mafi shahara shi ne wanda ake nomawa a yankin Var na kudancin Faransa. Sai an jiƙa shi a baki tukuna kafin a ɗaura. Yana da lamba gwargwadon taurinsa, ita an ce ta fara da 2 da rabi. Kwali mai guda goma ya ci mini kusan dala 30, kuma tuni uku sun tsage: ɗaya a haƙorinta, ɗaya a gefen hijabi, ɗaya kuma ta rantse haka ta same shi.

Jiya na leƙa na ga tana hurawa a gaban madubi, na ce, "Ke, cika kumatunki mana, ai haka ake yi." Ta cire abin daga baki, ta ce, "Umma, malama ta hana. In kumatu ya kumbura sautin watsewa yake." Leɓen ƙasa ake naɗewa a kan haƙora, haƙoran sama su dafa bakin, haɓa ta miƙe sumul. Ni kuwa duk mai busar da na taɓa gani a duniya kumatunsa kamar ya haɗiyi lemo biyu. Mai algaita a kumatu yake tara iska, yana shaƙa ta hanci yana tura ta baki, shi ya sa za ka ji busa ba ta yankewa tun daga ƙofar fada har filin idi. Na yi mata wannan bayanin, ta ce a nuna mata a waya. Ta kalla shiru, sannan ta ce, "Wannan ba ya numfashi ne?"

Lahadi, 22 ga Satumba

Hajiya, mahaifiyar Abbansu, ta ji. Ba ni na faɗa ba, Auta ne ya kwarmata ana tsakiyar gaisuwa ta bidiyo.

Ta ce a miƙo mata kishiyarta. Mutuniyar ta zo da abin a hannu, tana murmushi, ba ta san dawan garin ba. Hajiya ta gyara tabarau ta ce, "Kishiya, mene ne wannan? Algaita? A gidan wa kika gada?" Ta ce a makaranta ne, Hajiya Kaka. "Makarantar boko ce ko gidan Sarkin Busa? To in kin iya, wa za ki yi wa roƙo?"

Dariya aka yi, amma da yara suka watse ta kira ɗanta da sunan da ba ta kiransa da shi sai magana ta yi nauyi. Ina kicin ina ji. Ta ce kakansa almajirai ya koyar har ya rasu, ba a taɓa jin ko kalangu a ƙofar gidan ba sai ranar biki, shi ma daga waje. Ta ce 'ya mace ce. Shi dai "To, Hajiya" yake ta yi.

Ban ga laifinta ba. Haka aka raine mu. Muna son makaɗi, muna yi masa kari, in ya wasa kakanninmu har ƙwalla muke yi, amma ba ma ba shi 'ya, ba ma kuma so ɗanmu ya zama shi. Ni kaina da na ga takardar nan a watan jiya, abin da ya fara zo mini ba halal ko haram ba ne, "me za a ce a gida" ne.

Abbansu ya yanke hukunci da dare: darasi ne, an riga an shiga, za a gama shekarar. Sharaɗi biyu, ba busa tsakanin magariba da isha, kuma ranar da hadda ta ja baya, ranar abin zai koma shago.

Talata, 1 ga Oktoba

Yau da safe na tuna muna firamare, a irin wannan rana ko ranar 27 ga Mayu, an goge mana farin takalmi da alli, muna maci a bayan 'yan badujalar 'yan sanda. Babbar gangar nan har a ciki ake jin ta. Ban taɓa tambayar kaina inda suka koya ba.

Mutuniyar ta haɗa sauti biyar yanzu. Kowane yana da harafi, daga A zuwa G ake juyawa, kuma kowane yana da mazauninsa a kan layuka biyar da aka shata a takarda. Ɗigo mai fari a tsakiya ba sanda bugu huɗu ne, mai sanda biyu, baƙi mai sanda ɗaya. Har shiru ma yana da alamarsa, kuma ƙirga shi ake yi. Wannan ya ba ni mamaki fiye da komai, a ce a rubuta wa mutum tsawon shirun da zai yi.

An ba su kati, kullum a rubuta mintin da aka yi, uwa ko uba ya sa hannu ranar Lahadi. Minti 20 ake so a rana. Ni ce mai sa hannu, don an ga abin da sa hannun Abbansu ya jawo. Ranar Alhamis ta rubuta 20 alhali da agogona 9 ta yi, sauran duk shafa man toshiya ne a gaɓoɓi da goge maɓalli. Na soke na rubuta 9. Ba ta yi mini magana ba har aka kwanta.

Asabar, 19 ga Oktoba

An yi jarrabawar kujera. Kowa ya busa layi ɗaya shi kaɗai a gaban 'yan aji, aka jera su bisa maki. Cikin masu kilarinet 22 ta zo ta 14. Ta yi kuka a mota. Babban yatsanta na dama, wanda ke ɗauke da nauyin abin, ya fara kanta.

Auta ya saci harshe biyu ya yi jirgin ruwa da su a baho.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Tun farkon shekara kowane rukuni ajinsa daban, masu kilarinet su kaɗai, masu tirampet su kaɗai. Wannan makon ne aka fara haɗa su bayan an tashi. Ta dawo da wata rigima da ta ɗaure mini kai: in malama ta ce kowa ya busa sauti kaza, ita sai ta busa na gaba da shi, kuma wai shi ne daidai. Ashe kilarinet ɗin nata in ta busa abin da takardarta ta kira C, abin da ke fita ƙasa yake da mataki guda, shi ne wanda mai sarewa ke kira B da aka ɗan sauke. Don haka takardar kowa daban ake rubuta masa, a kunne kuma su haɗu. Na ce wannan ai kamar agogon Najeriya da na nan ne, lamba daban, lokaci ɗaya. Ta ce ba haka ba ne, amma ta kasa faɗin yadda yake.

Maganar da ta fi wannan ita ce taron watan gobe. Cikin waƙoƙi huɗu da za su busa, biyu na lokacin Kirsimeti ne. Ba baiti, ba ambaton kowa, busa ce zalla, amma kowa ya san na mene ne. Abbansu ya rubuta wa malamar. Ta amsa a ranar, ta ce akwai yaran da ke zama shiru a irin waɗannan, ba a rage musu maki, zaɓi na iyaye ne. Ya kwana biyu yana juya abin. Ɗaya ta dusar ƙanƙara ce da ƙararrawar doki, ya ce wannan ta yi. Ɗayar asalinta ta coci ce, ya ce ta ɗora abin a cinya har a gama. Mutuniyar ta ce kowa zai kalle ta. Ya ce, "Su kalla."

Alhamis, 12 ga Disamba

An yi. Bari in rubuta tun ban manta ba.

An ce kowa ya sa baƙi daga sama har ƙasa. Na ɗinka mata doguwar riga baƙa, da ƙaramin hijabi wanda ba zai taɓa harshen ba, don mun koyi darasi. A filin ƙwallon kwando na makarantar aka yi, iyaye a kan benaye. 'Yan aji shida sun haura ɗari. Kafin a fara kowa na gwada nasa, hayaniya kamar kasuwar Sabon Gari ranar jajibere. Malamar ta hau ɗan dandamali, ta ɗaga tsinke, sai ɗif. Yara ɗari da wani abu, 'yan shekara sha ɗaya, ko tari babu. Ni da ke fama da biyu a gida na ce lallai matar nan ta san wani abu.

Da ta sauke hannu suka shiga tare. Ba zan ce daɗi ba, Allah na gani. Masu tirampet sun riga kowa, wani mai turambon, dogon ƙahon ƙarfen nan da ake ja ana turawa, yana bin baya kamar jakin da aka yi wa lodi, kuma can a tsakiyar masu kilarinet wani ya saki ƙara irin ta ƙyauren da ba mai. Amma sautin nan guda biyar da suka hana ni sakat wata uku, da na ji su an ɗora a kan manyan ƙahonin da ke baya, sai na gane ashe gefe ɗaya na zance nake ji a gida. Shirun da take ƙirgawa a ɗaki, tana buga ƙafa, ashe a nan ne masu sarewa ke amsawa.

Da aka zo ta uku ta ɗora abin a cinya, ta miƙe wuya, idonta a kan malama. Na duba, akwai wani yaro a cikin masu ganga shi ma ya harɗe hannu. Ba wanda ya kalle su, kowa na ta kansa.

Abbansu, wanda ya ce zai tsaya a bakin ƙofa don yana da aiki, shi na gani ya ɗaga waya sama yana ɗauka har aka tashi. A mota ya ce, "Wancan na kusa da ke ne ya yi ƙarar nan ko?" Ta ce ita ce. Ya ce, "To, ba a ji sosai ba."

Ba a tura wa Hajiya bidiyon ba.

Talata, 21 ga Janairu, 2025

Dusar ƙanƙara a Houston! An rufe makarantu, garin da ko rigar sanyi ta kirki mutane ba su ajiye ba. Yara sun fita sun dawo hannu ya ƙage, sai aka zauna gida, ita kuma ta samu lokacin fama da abin da ya addabe ta tun dawowa hutu.

Akwai wani wuri a tsanin sautin da masu kilarinet ke tsoro. Ana hawa ana ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya har kusan duk ramukan su buɗe, sai kuma a mataki na gaba a ce duk yatsun su koma su rufe lokaci guda, babban yatsan hagu ya rufe raminsa na baya, ya kuma danna wani maɓalli da gefensa. In rami ɗaya ya yi yoyo ko da kamar ƙofar allura ne, ƙara ce za ta fito, ko kuma shiru. A sarewa da saksafon, wani abin busa na ƙarfe, in aka haye sama sautin nan dai ake samu da siririyar murya, yatsu kusan ba sa sauyawa. Kilarinet kuwa tsallen mataki goma sha biyu take yi, don haka sai an sake haddace sunan kowane kamu. Wannan maɓallin na baya shi ne asalin abin. Ana danganta shi da wani mai ƙera kayan busa a Nuremberg ta Jamus, Johann Christoph Denner, wajen shekarar 1700. Mutuniyar ta ce da ya bar abinsa yadda yake.

Yau na zauna kusa da ita na lura yatsan zobe na hannun dama ne ke zamewa. Na ce ta danna da ƙarfi ta ɗaga mu gani. Kowane yatsa ya fito da zoben rami cikakke a fatarsa, ban da wannan, nasa rabi ne. Ta gyara, ta hura, sai ga sautin ya fito garau, har ita ta tsorata ta cire daga baki. Ta sake, ya ƙi. Cikin goma dai ta samu uku.

Ni da ban san A daga B ba a watan Agusta.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Sakamakon zango ya fito, lissafi 68. A Texas akwai doka tun 1984, wadda kwamitin da attajirin nan Ross Perot ya jagoranta ya kawo: duk ɗalibin da ya gaza 70 a darasi ɗaya, ba gasa, ba wasa a waje da aji, ko ƙwallo ne ko busa. Da farko mako shida ne, daga baya aka mai da shi uku. Zai ci gaba da zuwa aji yana koyo, amma ba zai wakilci makaranta ba sai ya gyara.

Akwai gasar busa ta ɗaiɗaiku a watan Afrilu, ta riga ta zaɓi abin da za ta busa. Ban ce mata komai ba, ban kuma buƙaci cewa ba. Malamar badujala ce da kanta ta kira ta, ta ce daga Litinin ta riƙa zuwa wurin malamin lissafi da safe kafin a shiga aji. Shekara biyu ina fama da yarinyar nan a kan lissafi, da lallashi da faɗa da hana waya. Yau ita ta ce in tashe ta ƙarfe shida.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi shida. Bana ta ce duka za ta yi.

Ajin busa bayan azahar yake, lokacin da baki ya bushe ƙaƙas, ga shi harshen sai da yawu yake aiki. Ta tambaya ko sa shi a baki na karya azumi. Abbansu ya ce ba abin da ake haɗiya, amma ta bar tsotsarsa. Na ba ta 'yar kwalbar magani da na wanke, tana zuba ruwa tana tsoma harshen minti biyu, ta yarfe, sannan ta ɗaura. Ta ce har yara biyu sun kwaikwaye ta, wai ya fi tsabta.

A gida kuwa an rufe akwatin sai bayan Sallah. Hukuncin Abbansu ne, ni ma ban ja ba. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun ba yau ba, kowa da hujjarsa, amma ko mai sassauci ya san watan nan ba na wannan ba ne. Na rubuta wa malamar, ta ce ba komai, ta riƙa motsa yatsu a kan fensir tana bin takarda. Haka nake ganinta bayan tarawihi, fensir a baki, yatsu na rawa, ba sauti. A katin ina rubuta mintin, ina ƙara "ba busa" a gefe.

Ranar Lahadi za a tura agogo gaba da awa ɗaya, shan ruwa zai koma wajen bakwai da rabi.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Lissafi ya koma 81 tun makon jiya, an ɗage mata takunkumi.

Bayan an dawo idi aka kira Zariya, can yamma ta yi. Hajiya na cikin jikoki, an yi gaisuwa, an nuna ɗinki. Can sai ta ce, "Ina kishiyar tawa mai algaita? An ce har taro kika yi aka ɓoye mini. Ɗauko mu ji, ko kuɗin ɗana kawai ake ci." Na dubi Abbansu, ya dubi silin.

Ta ɗauko, ta kafa takarda, ta busa wadda za ta kai gasa. Wata guda ba a taɓa ba a gida, leɓe ya yi laushi, amma ta kai ƙarshe. Hajiya ta ce, "To, wannan me take cewa?" Mutuniyar ta ce ba ta cewa komai, waƙa ce kawai. Hajiya ta ce busar da ba ta magana ai iska ce. Kakaki in ya yi, kowa ya san cewa yake ga shi nan tafe. Algaita take take yi, mai shi ya ji ya san da shi ake.

Sai ta rera wata 'yar waƙar daka, irin wadda suke yi suna 'yan mata, layi biyu, muryar tana rawa. Ta ce, "Busa wannan." Mutuniyar ta ce ba ta da takardarta. Hajiya ta yi dariya har da tafi: "Takarda? Wanda ya busa wa sarki takarda ya duba?"

Abin ya sosa mata rai. Ta shige ɗaki ta rufe, muna jin ta tana lalube, ta hau ta sauka, ta ɓata ta sake. Wajen minti arba'in ta fito ta ce a sake kira. Sauti biyar ne kacal a waƙar, duk a ƙasan tsani, inda muryar abin ke da kauri. Ta busa. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce a ƙarshen an ja shi da yawa, taɓarya ba ta jiran kowa, a sake. Aka sake sau uku, a na ukun tana buga hannu a cinya tana ba ta lokaci.

"'Yar haye ce," in ji ta, "amma kunnen na gidanmu ne." Wane gidan, ba ta faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gasar ɗaiɗaiku, a wata makaranta da ke gaba da mu. Kowane yaro zai shiga aji shi da alƙali ɗaya da mai raka shi da fiyano, iyaye a baranda. Ba na ɗaya da na biyu ake fitarwa ba, daraja ake bayarwa daga 1 zuwa 5, kowa da tasa. Ta ƙofa nake ji. Ta haye wurin nan mai wuya lafiya a karon farko, a na biyu ya ƙwace mata, ta tsaya kamar bugu biyu, ta ci gaba.

Ta samu 2. Alƙalin ya rubuta cewa sautinta na ƙasa yana da kyau, amma tana gudu in ta tsorata, kuma lokaci ya yi da za ta koma harshe mai lamba 3. Ta so 1, don masu 1 ake ba lambar wuya. Wannan karon ba ta yi kuka ba, ta dai ce a biya a sayi lamba 3 ɗin tun yau.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kujera ta 6 yanzu cikin 20, biyu sun bar ajin.

An aiko da takardar baɗi. Aji bakwai rukuni uku ne, za a yi gwajin tantancewa a watan gobe: tsanin sauti bakwai da ka, da wani guntun da ba su taɓa gani ba, a ba su su karanta nan take. Rukunin sama su ke zuwa gasar UIL, hukumar da ke shirya gasannin makarantun Texas a ƙarƙashin jami'ar jihar da ke Austin. Su kuma sai an riƙa kai su ƙarfe bakwai na safe sau biyu a mako, wato ni.

Mai shago ya kira, ya ce kuɗin hayar da muka biya za a iya lissafa shi cikin kuɗin saye, kuma in za ta ci gaba gara na katako. Baƙin icen da ake yin su da shi daga Tanzaniya da Mozambik ake saro shi. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi kujera. Na ce na roba bai ce ya gaji ba tukuna.

Takardar tana kan teburin Abbansu tun ranar Juma'a. Wannan karon ya karanta, har da bayanta. Shekara ɗaya ya yi alkawari, shekarar kuma saura wata guda. Jiya na ji yana tambayarta izu nawa ya rage mata a haddar da suka yi yarjejeniya, ta faɗa, ya ce ta kawo masa ranar Asabar ya saurara. Ranar 9 ga Mayu ne ƙarshen mayar da takardar.

Harshe lamba 3 saura huɗu a kwali. Na ɓoye su a saman firij, inda hannun Auta bai kai ba.